Kura a Bakin Zango: Magana a Kan Wasannin Intanet

Wata gardama ce ta tashi a ɗakinmu na kwanan ɗalibai a Dutsin-Ma, daren wata Alhamis bayan sallar lisha, kuma har dare ya raba ba a raba ta ba. Abokan zamana biyu suna cikin masu buga irin wasannin nan na intanet waɗanda mutum yake shiga rigar wani gwarzo, ya zama maharbi ko falke ko mayaƙi, ya kutsa cikin wata duniya ta ƙage inda mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke yawo tare da shi a lokaci guda. Ɗayansu ya shafe kwana uku yana tara itace da fatu a cikin wasan, ya kafa bukkarsa a bakin wani rafi, ya hura wuta, ya zauna zai gasa nama, sa'an nan sabis ya ɗauke. Ko da sabis ya dawo sai ya tarar kyarketai sun cinye gwarzon nasa, kayansa kuma sun watse. Ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, domin a ganinsa duk inda mutum ya hura wuta ya ya da zango, to wajibi ne maƙeran wasa su haramta wa kowace dabba taka wurin. Ɗayan kuwa dariya ya yi masa, ya ce daji sunansa daji, mai son kwanciyar rai ya zauna cikin gari.

Na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda za su ce ina ruwan ɗalibin jami'a, balle ma'aikacin gwamnati, da wasan yara. Amsata gare su ita ce, kuɗin data da ake ƙonawa a kan waɗannan wasanni ba na yara ba ne, sa'o'in da ake ɓatarwa ma haka. Daɗin daɗawa, a cikinmu akwai masu karatun ilmin kwamfuta waɗanda gobe su ne za su ƙera irin waɗannan wasanni, kuma in ba su yi tunani da kansu ba, kwafar na wasu za su yi har da kurakuransu. Tambayar da abokaina suka yi ta ja-in-ja a kanta, watau mene ne yake sa wurin kwana ya zama amintacce, tambaya ce da kakanninmu suka daɗe da amsawa da gumi.

Ra'ayina shi ne dukansu biyu sun kauce. Zangon da aka zagaye da wani da'irar tsafi wadda dabba ba ta iya ƙetarewa ya kashe dajin, domin da zarar mai wasa ya gane cewa ƙirare uku da ƙyastu sun isa su mai da zaki kyanwa, tsoro ya ƙare, kuma wasan daji da babu tsoro a cikinsa yawon shan iska ne. Zangon da ba ya tsare komai kuwa ya kashe aikin, domin ba mai hankalin da zai sha wahalar kafa abin da ba shi da bambanci da fili. Abin da ya kamata shi ne amincin zango ya zama abin da ake saye da aiki, ya ƙaru in an ƙara aiki, ya ragu in an yi sakaci. Ba daga littafin Turawa na samo wannan ba.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi yaron ayari a ƙuruciyarsa, yana korar jakai daga Karofi zuwa kasuwannin nesa, tun kafin mota ta ƙarasa kashe fataucin ƙafa. Abin da ya fi yawan ba mu labari da dare ba ciniki ba ne, kwanan daji ne. Ya ce tun rana tana da sauran tsawo jagaba yake wucewa gaba ya nemo wurin sauka, kuma ba a sauka a bakin ruwa daf, domin mashayar da ta yi maka daɗi da la'asar ita ce mashayar namun daji da tsakad dare. Ba a kuma sauka a gindin sarƙaƙƙiya, inda abu zai iya laɓewa har ya iso kanka ba ka gan shi ba. In madugu ya yarda da wurin, sai a sauke kaya a tsibe su a tsakiya, a yi wa jakai dabaibayi kusa da su, samari su bazu da gatura su saro ƙaya, su jawo ta su zagaye wurin, a bar ƙofa ɗaya wadda reshen ƙarshe zai toshe. Itacen wuta ba ƙirare ake nema ba, gungume ake nema wanda zai kai asuba yana ci. In an ci abinci ba a barin ƙashi ko sauran miya a cikin shinge. In akwai jakin da kaya suka yi wa miki a baya, shi ake sa wa can ƙurya, domin warinsa ne zai fara kiran kura. Sa'an nan a raba dare, wasu su kwanta wasu su zauna, kuma mai gadi ba wuta yake kallo ba, kunnuwan jakai yake kallo, don su suke fara sanin an yi baƙo.

Da safe, in ji shi, sau da yawa sukan ga sawun kura ya kewaye shingen kaf, ta zo ta duba ko'ina ta rasa kafa ta koma. Wannan sawun shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Kura ta zo. Ba wanda ya haramta mata zuwa. Amma ta tarar da aikin mutane, ta auna, ta ga riba ba ta kai haɗari ba. Daren da aka yi ragwanci aka bar kafa a shinge, ko mai gadi ya yi gyangyaɗi har gungume ya mutu, a ranar ne ake wayar gari da igiya babu jaki. Kowa ya kwana lafiya shi ya so, in ji masu iya magana, kuma a bakin fatake wannan ba karin magana ba ne kawai, tsarin aiki ne. (Irin waɗannan zangunan ne wasunsu suka daɗe har suka zama garuruwa da unguwanni, shi ya sa muke da Zangon Daura da Zangon Kataf, shi ya sa kuma har yau ake kiran unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara da sunan zango.)

To, in muka ɗauki wannan ma'auni muka ɗora a kan wasannin da ke hannunmu, me za mu gani? Wasan Minecraft, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar da cikakkensa a 2011, ya kama rabin gaskiya. A cikinsa duhu ne yake haifar da dodanni, haske yana hana su fitowa, kuma ba a barin mutum ya yi barci in akwai dodo a kusa. Amma jiniyar da aka kafa a Minecraft ba ta mutuwa har abada, ba ta cin mai ba ta cin itace, saboda haka aikin tsaro na yini ɗaya ne, daga nan sai hutu. Valheim, wanda wani ƙaramin kamfanin Suwidin mai suna Iron Gate ya fitar a Fabrairun 2021, ya fi shi kusa da zangon kakana. Wutarsa tana cin itace, ruwan sama yana kashe ta in ba a yi mata rumfa ba, hayaƙinta yana shaƙe mutum in ba a bar masa mafita ba, kuma ƙananan miyagun daji suna gudunta alhali ƙaton dodon wasan ba ruwansa da ita. Inda na saɓa da shi shi ne farmakin da ake kawo wa gida lokaci lokaci, wanda ƙuri'ar na'ura ce take yanke zuwansa, ba halin mai gida ba. Mai tsabta da ƙazami duk ɗaya ne a wurinta. A wannan fanni The Long Dark na kamfanin Hinterland da ke Kanada, ko da yake shi mutum ɗaya ne yake buga shi ba taro ba, ya fi su basira, domin a cikinsa ɗanyen naman da kake ɗauke da shi ne yake janyo maka kyarkeci daga nesa, iska mai ƙarfi kuma tana iya kashe maka wuta a daidai lokacin da ka fi bukatarta.

Akwai wani kuskure da ya game yawancin wasannin, watau ɗaukar wuta tamkar laya. A shekarar 1898, lokacin da Ingilishi suke gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin Tsavo a Kenya, zakuna biyu sun yi kusan wata tara suna ɗauke leburori daga cikin tantunansu da dare. An yi shingen ƙaya, an hura wuta, duk da haka suna ratsowa, har sai da injiniyan aikin, John Henry Patterson, ya harbe su a watan Disamba na shekarar. Shi ya ce sun ci mutum 135, masu bincike na baya kuma sun ƙiyasta wajen 35, amma ko wanne aka ɗauka, shinge da wuta ba su wadatar ba. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a gefen gandun dajin Nairobi, wani yaro makiyayi Bamasaye mai suna Richard Turere ya gwada hura wuta don kare shanun mahaifinsa, sai ya lura wutar haska wa zakuna cikin garken take yi. Abin da ya ga suna shakka shi ne mutum yana zagayawa da tocila a hannu. Daga nan ya harhaɗa fitilu masu ƙyaftawa bi da bi, su ba da kamar wani yana yawo, kuma dabarar ta yi aiki har maƙwabta suka ara. Wannan yaro da kakana ba su san juna ba, amma magana ɗaya suka yi: dabba ba harshen wuta take tsoro ba kamar yadda take tsoron mutumin da ke farke a bayansa.

A nan ne nake ganin wasannin intanet suna zubar da babbar damarsu. Su ne fa wasannin da mutane da yawa suke bugawa tare. Me zai hana a ce zangon da mutum huɗu suka sauka, in ɗaya ya zauna gadi sauran ukun su sami cikakken hutu da ƙarfi, in kuwa duka suka kwanta amincin ya ragu? Mai gadin ba sai ya zauna yana ƙirga taurari ba. Ana iya ba shi ƙara itace, da gyaran baka, da gashin nama, da sauraron kukan da ke matsowa don ya bambance na dila da na kura ya san ko ya ta da mutane ko ya ƙyale su. Da haka sai baƙi biyu da suka haɗu a hanya su sami dalilin sauka wuri ɗaya, kuma dalilin da ya sa fatake suka ƙirƙiro ayari ke nan tun farko.

Haka nan ya kamata kowace dabba ta zo da halinta. Kura mai bin wari ce da dare, ƙaya tana tsare ta. Damisa mai hawa ce, shinge kaɗai bai ishe ta ba. Giwa in ta nufo wuri, ƙaya a wurinta tsintsiya ce, maganinta shi ne tun farko kada ka sauka a kan turbarta. Kunama da kububuwa kuwa ba sa bi ta ƙofa, a cikin itacen da ka ɗebo da hannunka suke shigowa. Sa'an nan zango kansa yana sauya halin dabba in ya daɗe. Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa yawon buɗe ido Yankari a Jihar Bauci ya ga yadda gwaggon birai suke sintiri a masaukin Wikki, suna warce abinci daga hannun baƙi, suna leƙa ɗakin da aka bari a buɗe. Ba haka aka halicce su ba, sun koya ne daga shekarun da mutane suka yi suna sauka a wurin suna barin abinci. Wasan da zai riƙa tuna cewa an yi kwana goma ana fiɗa a wuri ɗaya ana zubar da hanji, ya sa masu zuwa su ƙaru kuma tsoronsu ya ragu, ya ba mai wasa dalilin tashi ya sake zango, kamar yadda Bafilatani yake tashi daga mashekari.

Masu sanin tarihin wasanni za su ce an taɓa gwada irin wannan an faɗi. Gaskiya ne. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, an tsara shi da nufin dabbobinsa su riƙa cin juna, masu cin ciyawa su bi ciyawa, masu cin nama su bi su, in abinci ya yi ƙaranci manyan su matso kusa da mutane. Richard Garriott, jagoran aikin, ya ba da labari daga baya cewa 'yan wasa sun riƙa karkashe dabbobin da sauri fiye da yadda ake samar da su, har tsarin ya zama banza. Raph Koster, ɗaya daga cikin masu tsara shi, ya nuna cewa nauyin lissafin a kan na'urorin wancan zamani ma yana cikin dalilan da suka sa aka cire shi. Amma abin da nake nema bai kai wannan girma ba. Ba dukan daji nake cewa a raya ba, 'yan takun da ke kewaye da zango kawai, a lissafta wari da haske da shinge da gadi. Wayar da ke aljihun ɗalibi yau ta fi kwamfutocin gida na 1997 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Duk wannan a kan mai wasan da ke zaune gaban na'urarsa ne. Wanda ba ya nan kuwa, hukuncinsa dabam, kuma a nan ina bayan abokina na farko ba tare da wata inda-inda ba. Mutumin da sabis ya yanke masa, ko wuta ta ɗauke masa, bai yi sakaci ba. Tsofaffin wasanni sun san da wannan matsala ta wani gefe. A Ultima Online mutum yakan hura wuta, ya jira ɗan lokaci zango ya tabbata, ya shimfiɗa abin kwanciya ya fita lafiya. A EverQuest na 1999 sai gwarzo ya zauna wajen daƙiƙa 30 ba abin da ya taɓa shi kafin a bar shi ya fita. Hikimar wannan jira ita ce kada wanda zaki ya biyo ya tsira ta hanyar kashe na'ura, kuma hikima ce mai kyau. Amma bayan wannan ɗan jira, ya kamata a naɗe gwarzo da zangonsa gaba ɗaya, kamar yadda Fallout 76 na 2018 yake ɗauke sansanin mutum daga duniyar wasan in ya fita ya mayar masa in ya dawo. Akwai wasanni irin su Rust da Conan Exiles inda gini yake nan ko mai shi ba ya nan, yana iya lalacewa ko a rushe shi in an daɗe ba a leƙa ba. Waɗanda suka tsara haka a ransu kowa yana da layi dare da rana. Mu kuwa mun ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi kusan wata uku a haka. Asarar bukkar wasa ita ce mafi ƙanƙantar abin da mutane suka gani a wancan lokaci, ban ma so in haɗa su a jimla ɗaya ba. Na kawo ta ne don a ga cewa dokar da take hukunta rashin zuwa, a ƙasa irin tamu, talauci da nisa take hukuntawa, ba ragwanci ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi kura wuya, watau mutum. A EverQuest an san wata ta'asa inda mai wasa zai tsokano dodanni su biyo shi a jere, ya ruga da su ta kan mutanen da ke zaune suna hutawa, ya wuce ya bar su da bala'in. Wani da gangan, wani don gudun ceton rai. World of Warcraft na 2004 ya rage abin ta hanyar sa dabba ta haƙura ta koma wurinta in an yi nisa da ita, Red Dead Online kuma ya ba mai zango farar tuta wadda in ya ɗaga ta sauran 'yan wasa ba za su cuce shi a cikin zangonsa ba. Ina ganin raba abin biyu da aka yi daidai ne, domin kakanninmu ma sun raba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Kurfi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne ganuwa da ramukan tsaron garin, kuma ba wanda yake haƙa irin wannan don kura. Ƙaya ta dabba ce, ganuwa ta mutum ce. Saboda haka dabbar da wani ya tsokano, a bar ta ta bi wanda ya tsokano ta, kada ta juya kan zangon da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai fa in mutanen zangon ne suka ɗaga makami suka shiga faɗan da kansu. Wanda kuma aka ga ya mai da jawo wa mutane dabbobi sana'a, a sa masa alama yadda sauran ayari za su gane shi su ƙi sauka da shi.

Abokin nawa dai ya huce bayan kwana biyu, ya sake tara itace ya kafa wata bukkar, wannan karon a kan tudu, nesa da rafi. Na ba shi labarin jakin mai miki, ya saurara, ya je ya rataye namansa can gefe. Ya kuma roƙi ɗayan ya riƙa shigowa su sauka tare saboda ranar da sabis zai sake ɗaukewa, shi kuma ya yarda, sai dai har ranar da na miƙa wannan takarda ga edita ba su daidaita a kan wanda zai fara gadi ba.